Yadda zaka zaga gidan tarihin Njamena da garin Gawi a wuni ɗaya daga Kuseri

Mu mutanen Kuseri ta Kamaru abin kunya ne wlh, kullum muna tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena babban birnin Chadi amma kasuwa ce kawai ke kai mu, ko biki ko gaisuwar rasuwa. Ni kaina sai da ɗan yayata ya zo hutu daga Kano ya dame ni da tambaya wai kawu ina aka ajiye kan Tumai, tsohon ƙoƙon kan nan da aka gano a Chadi, sannan na fara taka ƙafata gidan tarihin. Tun daga nan na kai baƙi sau da dama, toh ga yadda nake tsara tafiyar.

Ka fito da sassafe, ana idar da asuba ka karya ka kama hanya, saboda in rana ta ɗaga gadar cika take da manyan motoci da 'yan kilando (masu babur ɗin haya) da masu turin kaya, ga zafin garin nan musamman daga Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40. Lokacin sanyi ya fi, Disamba ko Janairu. Da damina kuwa hanyar Gawi tana caɓewa, ƙasar laka ce mai riƙe taya. Ka zaɓi tsakiyar mako, kar ka je Juma'a don ma'aikata da wuri suke tashi. Katin shaidarka ko fasfo ya kasance a aljihu, kuma dan Allah wayarka ta zauna a aljihun nan in kana kan gada ko kusa da fadar shugaban ƙasa ko inda sojoji suke, hoto a irin wuraren nan jawo wa kai magana ne.

Kuɗi ba sai ka yi canji ba sefa ɗaya muke ci, sai dai ka riƙe ƙananan kuɗi. Amma ka gargaɗi baƙonka kan lissafi. Yadda muke cewa dala su riyal suke cewa da Larabcin Chadi, sefa 5 kenan. Ɗan kilando ya ce wa ɗan yayata "miya", yaro ya tsaya yana kallona wai miyar me kuma, da na ce ɗari yake nufi sai ya zaro sefa 100 ya miƙa, nan fa mutumin ya fara kumfar baki, ashe riyal ɗari ne wato sefa 500. Ku gama ciniki kafin ku hau.

Gidan tarihin zaka fara zuwa kafin Gawi, kar ka juya tsarin, dalilin na nan tafe. An kafa shi tun 1962, daga baya aka mayar da shi sabon gini. A ƙofa ka biya ka karɓi tikiti, ka tambaya ko an yarda da ɗaukar hoto, sannan ka nemi mai zagayawa da kai ya yi maka bayani, don rubutun jikin kayan yawanci Faransanci ne kuma gajere, in kai kaɗai ne minti ashirin ka fito kana cewa ai tukwane ne kawai.

Kowa wajen Tumai yake rugawa. Ƙoƙon kai ne ɗan ƙarami da aka gano a hamadar Jurab a watan Yulin 2001, wani ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye ne ya fara ganinsa cikin tawagar Bafaranshen nan Michel Brunet, masana suka ce ya kai shekara miliyan 7, sunan kuma da yaren Gorane yana nufin fatan rayuwa. Na san wani zai ce to ina batun Annabi Adamu, ni dai shawarata ka kalla ka saurara, muhawarar ka bari sai kun zauna shan shayi, na taɓa zuwa da wani malami abokina ya tsare mai bayanin kusan rabin awa har sauran baƙi suka watse.

Inda nake so ka daɗe shi ne wajen kayan mutanen Sao. Su ne suka zauna bakin kogin Shari da Logon ɗaruruwan shekaru, suna gina garuruwa masu ganuwa, har zuwa ƙarni na 16 lokacin da Mai Idris Alooma na Borno ya yi ta yaƙarsu, kuma Kotoko maƙwabtanmu suna cewa su ne jikokinsu. Tsofaffi har yau suna ba da labari wai ƙatti ne da ɗayansu ke saɓa giwa a kafaɗa. Ka duba 'yan gumakan yumɓu na mutane da dabbobi, sannan ka tsaya gaban manyan randunan nan ka leƙa ciki, ka dubi kaurin bakinsu. Wasu a ciki suke binne mamatansu, a durƙusar da gawa a ciki a kife wata randar a sama. Ka riƙe siffar a ranka.

Daga nan sai Gawi, wajen kilomita 10 ne arewa maso gabas da birnin. Ka ɗauki taksi ko kilando da sharaɗin zai jira ka ya dawo da kai, kuma kar ka biya duka sai kun dawo, samun abin hawa daga can ba tabbas. Ka sha karkanji mai sanyi a hanya, zoɓo ne dai.

Gawi tsohon garin Kotoko ne, tsohuwar fadar sarkinsu ta ƙasa ce mai bene, ita aka mayar gidan tarihi. Ka yi sallama ka gaida dattawan da ka tarar a ƙofa kamar yadda zaka yi a fadar kowane sarki, ba ka faɗa da waya a hannu ba. Ƙofofin gajeru ne sai ka sunkuya, matakalar ƙunci gare ta, mai babbar riga ya tattare. Bangayen gidajen garin mata ne ke musu zane da launi, ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa hoto.

Toh anan ne zaka gane dalilin da na ce ka fara da Njamena. Matan garin har yanzu suna ginin tukwane da hannu, ba inji ba komai, mace na zaune ta naɗe yumɓu kamar igiya tana ɗorawa zagaye bayan zagaye tana shafewa da ɗan sakaina da ruwa, randa na tashi a gabanka, siffarta kusan irin wadda ka bari cikin gidan tarihi da safe. Wannan ta ruwa ce. A kafa gindinta cikin yashi mai laima a inuwa a rufe da faifai, jikinta na tsatsafo iska na bugawa, ruwan ya yi sanyin da ba ya sa ciwon haƙori, kafin firiji da ita kakanninmu suka ci bazara.

In zaka saya ka ƙwanƙwasa da yatsa, mai kyau ƙara take kamar ƙarfe, wadda ta tsage kuwa muryarta a dushe. Ɗan tulu ya isa in kan babur kake, ka naɗe shi da zani ka rungume a cinya, ka tsallako gada kafin magariba. In ka isa gida kar ka sha ruwan farko, ka cika ka zubar kamar kwana uku sai warin ƙasar ya fita.