Yadda na gyara tsatsar hinjin ƙofar Peugeot 504 ɗina

Iskar tekun Accra ba ta raga wa ƙarfe wallahi, tsatsa ta kama gefen hinjin ƙofar direba har fenti ya kumbura. Na danna sukudireba a wajen, ƙarfen bai huje ba, ke nan ba sai an je wa mai walda ba. Kafin in kwance noti na zagaye hinjin da alƙalamin maka don ƙofar ta koma mazauninta daidai, na tokare ta da jak da katako, nauyi gare ta fa. Sai burushin waya da sanfefa har ƙarfen ya yi fari tas, na shafa maganin tsatsa da na sayo a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ya bushe ya yi baƙi, sannan firaima (shafin farko kafin fenti), fenti, giris kaɗan. Ramin ruwa na ƙasan ƙofar ma laka ta toshe, da waya na buɗe shi.