Yadda na kwashe faifan DVD da ya ƙi kwafuwa

Faifan koyon Turanci ne na asali da Yaya ta sayo wa yara, na so in juye shi a kwamfuta kafin su karce shi. Duk sanda na fara kwafa sai ya maƙale a wuri ɗaya, na'urar tana ta gurnani, alhali bayan faifan tas yake, kuma yana wasa lafiya lau a talabijin.

Wani mai gyara a titin Ahmadu Bello ne ya warware mini. Ya ce: "Malam, lafiyarsa ƙalau. Da gangan aka dasa lalatattun gurabe a jikinsa." Na'urar kallo tana bin umarnin faifan ta tsallake su, kwamfuta kuwa sai ta nace sai ta karanta komai. Ga kuma kullen CSS, wato makullin da ke hana kwafar faifai, da sassan bogi da ake sakawa don ɓoye na gaske, wani lokaci jimillar sassan kan kai 99.

Sai na kunna shi a VLC, manhajar kallon bidiyo, na duba lambar sashen da ke wasa da gaske. Na buɗe MakeMKV, manhajar da ke kwashe bidiyo daga faifai, na cire alama a kan sauran, na zaɓi wannan kaɗai. Ya fito cif, na matse shi da HandBrake, manhajar rage girman bidiyo, don ya shiga waya.