Yadda Ake Tantance Wanda Zai Shugabanci Injiniyoyin Gwajin Manhaja

Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet da ke Yaba da Lekki da Victoria Island a Legas sukan nemi manajan da zai riƙe sashen gwaji mai sarrafa kansa, wato sashen da ke rubuta shirye-shiryen da za su riƙa duba manhaja duk lokacin da aka yi mata gyara. Idan an ɗora maka alhakin ganawa da masu neman wannan muƙami, za ka tarar takardunsu cike da sunayen kayan aiki: Selenium da ya fito a 2004, da Playwright na Microsoft da ya zo a 2020, da Appium na manhajojin waya. Kada wannan ya ɗauke maka hankali, domin injiniya mai ƙwazo yana iya laƙantar sabon kayan aiki cikin 'yan makonni. Abin da ya kamata ganawar ta fito da shi shi ne yadda mutum yake yanke hukunci idan abubuwa suka cakuɗe.

Kafin ranar, ku da za ku yi tantancewar ku tsayar da tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kuma kowannenku ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don kada ra'ayin babba ya rinjayi na ƙanana. A yi zagayen farko ta bidiyo. Babu hikima a sa wanda ke zaune a Agege ya ƙetare gadar Third Mainland da sassafe saboda hirar minti 30.

Tambayar da ta fi tona asirin gogewa ita ce ta gwajin da ba shi da tabbas, wanda yau ya wuce gobe ya faɗi alhali ba a taɓa komai ba. Ka ce masa: "Malam, ga gwaje-gwaje 40 irin waɗannan, har injiniyoyi sun daina kula da gargaɗinsu, me za ka yi a makon farko?" Wanda ya ce a riƙa maimaita su har su wuce bai san ciwon ba. Wanda ya taɓa ɗanɗanawa zai ce a ware su gefe, a ba kowanne mai shi da wa'adin gyara, a binciko ko jinkirin sadarwa ne ko kuwa bayanan da wani gwaji ya gurɓata, sannan a goge wanda ba ya tsare komai. Sau da yawa zai ƙara da cewa an cika dogaro da gwajin da ke bi ta fuskar manhaja, mai nauyi da saurin karyewa, maimakon ƙananan gwaje-gwaje masu sauri da ya kamata su fi yawa.

Daga nan sai ka kawo shi gida. Kowa a Legas ya san takaicin a cire masa kuɗi ba su isa ga wanda aka tura wa ba. Ka tambaye shi yadda zai gwada abin da manhaja za ta yi idan bankin da ke ɗaya ɓangaren, ko NIBSS, wato kamfanin da ke daidaita tura kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, bai amsa ba, da yadda zai tabbatar ba a cire kuɗi sau biyu ba idan mutum ya sake dannawa. Idan ya ce zai kwashi ainihin bayanan abokan ciniki, har da lambar tantancewar banki ta BVN, ya yi gwaji da su, to ka tuna masa da dokar kare bayanai ta 2023, ka ga yadda zai karɓi gyara.

Sai batun ƙarfin hali. A watan Agusta na 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45 saboda kuskure wajen ɗora sabuwar manhaja. Ka nemi mai neman muƙamin ya ba ka labarin ranar da ya hana a saki manhaja duk da matsin shugabanni, da kuma ranar da ya bari aka saki ya yi nadama. Na fi amincewa da wanda yake da labaran biyu.

A ɓangaren riƙon mutane, ka ji yadda zai koya wa masu gwaji da hannu rubuta shiri, da tanadin da yake yi don kada aiki ya tsaya idan gwani ɗaya ya tafi Kanada. Bayan ganawar, ka nemi izininsa ka kira wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ka tambaye shi ko zai yarda ya sake komawa hannunsa.