Shuka Albasa Mai Lawashi a Ingila: Shawara ga Sabon Zuwa

Wanda ya taso yana ganin albasar Aliero ko ta Galmi ya san ta a matsayin amfanin noman rani, wadda ake shukawa da sanyin hunturu ana bi da ban-ruwa. A Ingila lissafin ya sha bamban, domin a nan sanyi ne ke hana shuka, ruwa kuwa sau da yawa har yawa yake yi. Ana fara yayyafa iri a watan Maris, idan ƙasa ta daina daskarewa, a ci gaba har zuwa Agusta.

Irin da aka fi samu a shagunan kayan lambu shi ne White Lisbon, kuma ina ba da shawarar a fara da shi, saboda ba shi da tsada ko wahalar reno. Kada a ɗauko dashe ko ƙasa daga gida a cikin jaka, domin dokar shigo da tsirrai tana da tsauri.

A ja layi mai zurfin santimita 1, a bar tazarar santimita 10 tsakanin layuka, a yayyafa irin ba tare da cunkoso ba, sannan a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin kimanin mako 8 za a fara cirewa. Maimakon a zube irin duka rana ɗaya, gara a riƙa shuka kaɗan duk bayan mako 3, ta yadda lawashin miya da na wainar ƙwai ba zai yanke ba.

Inda 'yan uwanmu suka fi yin kuskure shi ne ban-ruwa. Hannun da ya saba da ranar Kano yakan cika ruwa, alhali ƙasar nan ba ta saurin bushewa, sai saiwa ta ruɓe. A taɓa ƙasar da yatsa tukuna, idan da danshi a ƙyale ta. Ciyawa kuma a cire ta da hannu tun tana ƙarama, don siririn ganyen albasa ba ya iya gogayya da ita.

Mai zaman haya ya nemi izinin mai gida kafin ya haƙa tsakar gida. Idan babu fili, tukunyar roba mai huji a gindi ta wadatar, a ajiye ta inda rana ke faɗawa. Ƙananan hukumomi suna ba da hayar 'yan filayen noma, amma a manyan birane irin su Landan jiran layi yakan kai shekaru, saboda haka a rubuta suna da wuri.