Yadda Za Ka Shirya wa Tiyatar Miƙe Ƙafa Idan Gwiwa Ta Cinye ta Gefe Guda

A masallatan Garwa da Marwa ba ka rasa dattijon da ke salla a kan kujera, ƙafafunsa sun yi baka, gwiwa tana yi masa ciwo ta ciki. Galibi guringuntsin ɓangaren cikin ne ya cinye, domin nauyin jiki ya koma kansa. Idan ɓangaren waje yana da lafiya, likitan ƙashi yana iya yanka ƙashin ƙwauri a ƙasan gwiwa, ya miƙe shi, ya ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi, nauyin ya koma gefen da bai lalace ba. Aikin ya fi dacewa da wanda bai wuce shekara 60 da yawa ba kuma gwiwarsa tana lanƙwasuwa sosai, kuma babbar fa'idarsa ita ce mutum yana ci gaba da tafiya da gwiwarsa ta asali.

Abu na farko, ka nemi hoton ƙashi na ƙafar gaba ɗaya, daga ƙugu har idon sawu, wanda aka ɗauka kana tsaye. Hoton gwiwa kaɗai, kana kwance a kan gado, ba ya nuna ainihin karkatar, kuma a ganina ko da sai ka yi tafiya zuwa Yawunde kafin ka samu, kuɗin motar bai tafi a banza ba. A kan hoton likita zai ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar idon sawu. A ƙafar da ta yi baka, layin yana ratsa gefen ciki na gwiwa. Da yawa daga cikin likitoci suna bin ma'aunin da ake dangantawa da binciken da likita Fujisawa na Japan da abokan aikinsa suka wallafa a 1979, wato layin ya ratsa wajen kashi 62 cikin ɗari na faɗin kan ƙashin ƙwauri idan an auna daga ciki.

Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, a ina layin zai tsaya bayan aikin?" Amsar ita ce jigon komai. Idan gyaran ya gaza, bakan yakan dawo tare da ciwon. Idan ya zarce, ƙafar ta koma gwame, ɓangaren waje ya fara cinyewa.

Mai shan taba ya daina tun kafin ranar aikin, saboda tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Bayan tiyata za ka dogara da sanduna na makonni, sau da yawa kamar shida, ƙashin kuma yakan ɗauki wajen wata uku kafin ya haɗe. Kada ka hau babur ko ka kai ƙafar wurin maɗori don ya matsa ta, kuma kada ka taka da dukan nauyinka sai likita ya duba sabon hoto ya ba ka izini.