Kurakuran Fitilar Situdiyo Da Na Gaji Da Gani

Duk yaron da ya zo koyon ɗaukar hoto a shagona da ke Zoo Road, abin da yake fara yi shi ne ya saita filasha daidai goshin mutum, wai don fuska ta yi haske. Fatarmu ba ta son haka. Goshi da karan hanci sai su yi ta ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, fuska ta baje, babu inuwar da za ta fito da kamanni. Kawar da babbar fitilar gefe, wajen digiri 45, ka ɗaga ta sama da ido kaɗan, ka sa mata lemar situdiyo mai tausasa haske. Sannan ka matso da ita: fitila mai faɗi in tana kusa, haskenta ya fi laushi. In ka ninka nisanta, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai kai fuska, ba rabi ba.

Kuskuren da ya taɓa cin kuɗina kuwa shi ne haɗa haske iri biyu. Wata amarya ta zo bayan kamu, da farin leshi da lallenta, na manta ban kashe ƙwan silin ba. Shi ƙwan haskensa ruwan ɗorawa ne, wajen 3200 a Kelvin, ma'aunin launin haske, filasha kuma tana wajen 5500. Leshin ya fito gefe fari, gefe kamar an tsoma shi a ruwan kurkur. Uwar amarya ta kalli hotunan ta ce, "Malam, wannan ɗin 'yata ce?" Sai da na mayar musu da kuɗinsu. Tun ranar, kafin in taɓa kyamara sai na kashe ƙwayayen ɗaki duka, na sauke labule. Kai kuma mai cewa "zan gyara a Photoshop", sannunka! Za ka kwana kana gyara, in fuska ta daidaita, leshi ya koma shuɗi.

Sauran ƙanana ne. Saurin shata, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, in ya wuce 1/200 na sakan kana amfani da filasha, a yawancin kyamarori baƙin layi zai ci wani ɓangare na hoton. Kada ka jingina mutum da labulen baya, inuwarsa za ta manne masa. Ni taku uku nake ba shi. Gwaggwaro kan rufe ido da inuwa, farin kwali a ƙarƙashin haɓa ya isa ya mayar da haske fuska. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da kai. Sabuwar shadda kuwa ƙyallinta ya fi na goshi, ka rage ƙarfin filasha kafin Alhaji ya zauna.