Yadda Ake Tsara Tafiyar Yini da Kare a Mota Mai Ɗaki daga Accra zuwa Kumasi

Mota mai ɗaki, wato wadda aka shirya cikinta da gado da murhun gas da tankin ruwa, ba ta yawaita a titunan Ghana ba, kuma mai sha'awarta yakan sayi Sprinter ko Hiace ne ya cire kujerun baya, sannan ya miƙa sauran aikin ga kafinta da mai walda. Wanda ya mallaki irin wannan mota, kuma yake da kare a gida wanda babu mai kula masa da shi idan ya yi nisa, zai iya tafiya da shi daga Accra zuwa Kumasi a yini guda ba tare da wahala ba. Hanyar N6 tana da tsawon kusan kilomita 250, kuma direba shi kaɗai yakan cinye ta cikin awa biyar zuwa shida, amma da kare a ciki ya kamata a ware mata awa bakwai ko fiye. Zafin rana ne zai yanke lokacin tashi da wuraren tsayawa da yawan ruwan da za a ɗauka, domin kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma hakin ba ya wadatar da shi sosai a iska mai ɗumi da laima irin ta kudancin ƙasar nan.

Shirin yana farawa ne makonni kafin ranar tafiya, a wurin likitan dabbobi. A tabbatar an yi wa karen allurar rigakafin ciwon haukar kare, kuma idan wannan ce ta farko, a bar aƙalla mako uku tsakaninta da tafiyar, saboda sai bayan haka kariyar take kama jiki. A karɓi maganin kaska da ƙuma, a kuma ajiye katin allurar tare da lasisin tuƙi da inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci ta Ghana, domin duk wanda zai ba ku wurin kwana zai iya neman ganin katin. Idan karen bai taɓa shiga mota ba, a fara zagayawa da shi na minti goma ko ashirin a cikin unguwa, a ga ko yana dalalar da miyau ko yana amai. Wanda ya nuna haka akwai maganin da likita zai rubuta masa. Kada a kuskura a ba shi farasitamol ko ibuprofen daga akwatin maganin gida, domin suna iya lalata masa hanta ko ƙoda.

A cikin motar, kare yana bukatar wurinsa na kansa. Mafi kyau shi ne keji mai faɗin da zai iya miƙewa tsaye ya juya a ciki, a ɗaure shi da bel ga ƙarfen jikin motar, a ƙasa, inda iska take ratsawa, nesa da tukunyar gas. Karen da aka sake yana yawo tsakanin gado da kujerar direba haɗari ne, domin birki ɗaya mai ƙarfi a bayan wata tirela zai wurga shi gaba, ko kuma ya kutsa ƙarƙashin ƙafar mai tuƙi. Ga gidan Musulmi akwai ƙarin dalili na ware masa wuri. A saya masa kwanon ruwa da na abinci masu launi daban da na mutanen gida, a rataye buta da dardumar salla a sama inda bakinsa ba ya kai wa. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin malaman zango suke bi, ana wanke kwanon da kare ya lasa sau bakwai, kuma wanda ya raba kayan tun daga gida ya hutar da kansa daga wannan aiki a hanya, inda kowane kofin ruwa yake da lissafi.

Lissafin ruwan kuwa mai sauƙi ne. Kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 20 yana bukatar lita ɗaya ko ɗan sama da haka, ledar fiya wata biyu zuwa uku ke nan. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, a ninka wannan, sannan a ajiye wata jarka daban wadda ba ta sha ba ce, ta jiƙa masa jiki ce idan bukata ta taso.

A tashi da zarar an idar da sallar Asuba. Mutanen unguwannin Accra irin su Nima da Maamobi da Madina sun san yadda hanyar fita ta Achimota da Ofankor da Pokuase take cunkushewa da zarar gari ya waye, kuma cunkoso shi ne wuri mafi muni ga kare, tunda mota ba ta motsi, iska ba ta shiga, kwalta kuma tana ta ɗaukar zafi. Kafin a shiga mota a zagaya da shi na kwata ɗin awa ya yi fitsari da bayan gida ya rage kuzari. Abinci kuwa a ba shi mai nauyi tun da daddare, da safe a bar shi da ruwa kawai ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin cikakken ciki da girgizar hanya amai suke haifarwa.

Daga nan sai a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu. Zangon farko yakan faɗo a wajen Suhum ko mararrabar Bunso, na biyu kuma a Nkawkaw, ƙarƙashin duwatsun Kwahu, wadda ta ɗan wuce rabin hanya. A zaɓi wuri mai inuwa da ya janye daga bakin titi, kuma a maƙala igiya a wuyan karen tun kafin a buɗe ƙofa, ba bayan an buɗe ba. Wannan hanya ce ta manyan motocin kaya da bas-bas masu gudu, kuma karen da ya firgita da hon ba ya sauraron kiran mai shi. Kafin ya taka kwalta ko siminti, mai shi ya ɗora bayan hannunsa a kai na ɗan lokaci, idan hannun bai jure ba to tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba, sai a nemi ciyawa ko ƙasa. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a kwashe abin da ya yi a leda, kuma a hana shi cuɗanya da karnukan gari, waɗanda babu wanda ya san ko an taɓa yi musu allura.

Masu talla za su kewaye motar a duk inda aka tsaya, kuma a nan ne hannu yake saurin miƙa wa kare abin da bai dace ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, saboda haka shito, wato miyar barkono, da miyar waakye, wato shinkafa da wake, da ragowar tsire ba nasa ba ne. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya soke hanji. Abin da mutanenmu suka fi mantawa da shi shi ne goro: sinadarin da ke wartsake direba a cikinsa yana sa zuciyar kare bugu fiye da ƙima, don haka kada a bar ƙullin goro a kan kujera. Haka kuma yankin Suhum ƙasar koko ce, kuma a lokacin girbi ana shanya 'ya'yansa a kan tabarmi a ƙauyukan bakin hanya. Koko da cakulan duka guba ne ga kare.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne lokacin cin abinci da sallar Azahar, inda kowa yake so ya sauka a lokaci guda. Motar da aka kashe aka rufe a rana takan ƙara zafi da kusan digiri 10 cikin minti goma, kuma ɗan buɗe gilashi ba ya canza komai. Saboda haka a yi karɓa-karɓa: ɗaya ya shiga masallaci ko wurin cin abinci, ɗaya ya zauna da karen a inuwa, nesa da harabar masallaci da wurin alwala, domin mutunta jama'a. Wanda yake tafiya shi kaɗai ya nemi gindin bishiya, ya ɗaure karen a gefe inda yake ganinsa, ya yi sallarsa a nan.

Ya kamata mai kare ya san alamun zafi ya yi yawa tun kafin ya gan su: haki mai ƙarfi da ba ya lafawa, harshe ya zazzago ya yi ja wur, miyau mai kauri, tangaɗi, wani lokaci da amai. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya kai 41 ransa yana cikin haɗari. A tsaya nan take, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da cinyoyi, a kunna fanka ko a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul ɗin riƙe zafin yake yi. Ko da ya farfaɗo, a kai shi wurin likita a gari mafi kusa, saboda illar takan bayyana ne daga baya. Karnuka masu gajeren hanci da masu ƙiba da tsofaffi sun fi saurin faɗawa wannan hali, kuma a ganina irinsu ba su cancanci wannan tafiya da tsakar rana ba ko kaɗan.

Bayan Konongo da Ejisu cunkoson Kumasi yake farawa, kuma gara a shiga gari kafin ma'aikata su tashi da yamma. A riga an yi magana da mai wurin da za a ajiye motar, musamman idan a Aboabo ko Asawase ne, inda gidaje suke manne da juna kuma ba kowa ne yake son haushin kare a ƙofarsa ba. Bayan awa ɗaya da sauka sai a ba karen abincinsa, a laluba kunnuwansa da wuyansa da tsakanin yatsunsa ko kaska ta maƙale, a rufe gas daga kan tukunya, a bar tagogi masu raga a buɗe. Yaran unguwa za su taru kallo, kuma karen da ya gaji a baƙon wuri yana iya kai cizo ko da bai saba ba, don haka a riƙe shi a igiya. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar tare da katin allurar karen.